Yadda Ake Kafa Zauren Wasan Kwaikwayo na Rubutu a Intanet Domin Koyon Ƙirƙira da Iya Zama da Jama'a

Tambayar da masu karatu suka fi maimaitawa ita ce yadda ake fara wasan kwaikwayon nan na rubutu a intanet, wanda mutum huɗu zuwa shida ke haɗuwa a zaure ɗaya, kowa ya ɗauki tauraro guda yana magana da bakinsa, har labari ya ginu a tsakaninsu ba tare da wani ya rubuta shi tun farko ba. Wasu masu tambayar marubuta ne da ke son alƙalaminsu ya ƙara kaifi, wasu kuma malamai ne ko shugabannin ƙungiyoyin matasa da suka ji ana cewa wasan yana koya wa mutum sauraro, haƙuri da iya sasanta magana. Lallai yana koyarwa, amma taruwa ana tura saƙonni kaɗai ba ta koyar da komai. Abin da ke koyarwa shi ne tsarin da ke tilasta wa mutum ya karanta abin da ɗan'uwansa ya rubuta, ya amince da shi, sannan ya ɗora nasa a kai. Inda babu wannan tsari, zauren kan yi zafi kwanaki kaɗan, daga nan ya yi tsit. Ga matakan bi da bi.

Mataki na 1: Zaɓen dandali da lissafin kuɗi

Manhajoji uku ne suka fi sauƙin samu. WhatsApp yana hannun kusan kowa, kuma marubutan littattafan Hausa na intanet sun daɗe suna sakin labaransu shafi-shafi a zaurukansa, saboda haka ba sai an koya wa kowa yadda ake amfani da shi ba. Matsalarsa ita ce komai yana zuba a layi ɗaya, wasa da gaisuwa da sanarwa duk a cakuɗe, sannan lambar wayar kowa a bayyane take ga sauran 'yan zaure. Telegram ya fi shi dacewa, domin ana iya raba zaure ɗaya zuwa sassa daban-daban, ana iya ɓoye lambar waya, kuma saƙo guda yana ɗaukar haruffa 4,096. Discord, wanda ya fito a 2015, gida ne na masu irin wannan wasa da yawa a duniya, saboda ɗakunansa da muƙaman da ake raba wa mambobi da kuma ƙananan manhajojin taimako da ake sakawa a ciki. Saƙonsa ɗaya bai wuce haruffa 2,000 ba ga mai amfani da shi kyauta.

Dukkansu ukun kyauta ne. Discord yana sayar da ƙarin hidima mai suna Nitro a kan dala 9.99 a wata, amma wasan rubutu ba ya bukatarta ko kaɗan. Kuɗin da za a kashe na data ne da cajin waya, kuma rubutu zalla ba ya cin data sosai. Hotuna da kiran murya su ne ke shanye ta. A ganina, sabon zaure ya fara da Telegram, sai idan mambobin sun riga sun saba da Discord.

Hattara: dokar Discord ta haramta shiga ga wanda bai kai shekara 13 ba. Haka kuma kada a haɗa yara da manyan da ba a san su ba a zaure ɗaya. Idan na ɗalibai ne, malami ko wani babba da iyaye suka sani shi zai riƙe ragamar zauren.

Kowa ya saka Hausa a allon rubutun wayarsa, kamar Gboard, domin ya samu ɓ, ɗ da ƙ. Wanda ya zo koyon rubutu ya kamata ya saba da ƙa'idarsa tun daga ranar farko.

Mataki na 2: Tara mutane

Mutum huɗu zuwa shida sun isa, da jagoran wasa guda ɗaya, wato wanda zai riƙa buɗe fage yana jefo matsala yana yanke sakamako. Ƙasa da huɗu, da zarar ɗaya ya yi tafiya wasa ya tsaya. Sama da shida, wanda ya tura nasa da safe ba zai ga juyinsa ya dawo ba sai bayan kwanaki, kuma masu kunya za su ɓace a bayan masu yawan magana. A wajen zaɓe, a fifita mai cika alkawari a kan mai gwanintar rubutu, domin gwani da ke ɓacewa mako guda ya fi cutar da zaure a kan ɗan koyo da ke zuwa kullum.

Idan mambobin a warwatse suke, a duba bambancin lokaci. Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi agogonsu ɗaya, Ghana tana bayansu da awa ɗaya, Sudan tana gabansu da awa ɗaya, Saudiyya kuma da awa biyu.

Mataki na 3: Zaman yarjejeniya kafin a fara

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ke hana yawancin rigingimun da ke kashe zaure. Kafin a rubuta layi ɗaya na labari, a yi zama na musamman, ko da na awa ɗaya ne, a amsa waɗannan tambayoyi a rubuce, sannan a liƙa amsoshin a saman zaure inda kowa zai riƙa gani.

Na farko, wane irin labari ake so: na tarihi, na bincike, na barkwanci ko na almara? Na biyu, sau nawa kowa zai riƙa turo rubutu? Sau ɗaya a kwana ɗaya ko biyu ya fi dacewa da masu aiki da ɗalibai, kuma a amince cewa wanda ya wuce awa 48 bai turo ba za a tsallake shi a wannan zagaye ba tare da an ɗauke shi mai laifi ba, tunda rashin wuta da rashin sabis ba baƙin abu ba ne. Na uku, yaya tsawon rubutun zai kasance? Sakin layi ɗaya zuwa uku ya wadatar.

Na huɗu, kuma mafi nauyi, mene ne ba za a taɓa ba? A yi jeri biyu. Jerin farko na abubuwan da ba za su shigo labarin ba sam, kamar batsa, cin zarafin yara, ko izgili ga addini da ƙabila. Jeri na biyu na abubuwan da za su iya faruwa a labari amma ba za a zayyana su dalla-dalla ba, kamar kisa ko azabtarwa. A bar ƙofar da mutum zai aika wa jagora nasa a ɓoye, domin akwai wanda ya taɓa faɗawa hannun 'yan fashi ko ya rasa ɗa, kuma ba zai so ya bayyana dalilinsa a gaban jama'a ba. Masu yin irin wannan wasa ido da ido a kan tebur suna da wani kati da John Stavropoulos ya ƙirƙiro, wanda aka rubuta harafin X a kansa. Duk wanda ya taɓa shi, za a cire abin da ya dame shi ba tare da an nemi bayani ba. A zauren rubutu, tura harafin X shi kaɗai yana yin wannan aiki.

Hattara: kada jagora ya rubuto dokoki shi kaɗai ya ce a bi. Dokar da mutum ya sa baki a cikinta ita yake girmamawa, kuma wannan zama shi ne darasin farko na faɗin ra'ayi da jin na wani.

Mataki na 4: Gina fagen labari

Shafi ɗaya ya isa. Sababbin jagorori kan ɓata makonni suna zana taswira da jerin sarakunan da babu wanda zai karanta, alhali abin da 'yan wasa ke bukata shi ne wuri, lokaci, da dalilin da ya haɗa taurarinsu wuri ɗaya har ba za su iya rabuwa ba.

Misalin da ya cika waɗannan sharuɗɗa shi ne ayarin fatake na ƙarni na 19 da ya tashi daga Kano zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata a kan jakuna, domin ya komo da goro. Tafiya ce ta watanni, akwai ƙetare kogin Kwara ta wajen Yawuri, akwai ratsa ƙasar Borgu, akwai kuɗin fito da na sarakunan hanya, akwai fargabar 'yan fashi. Muƙamai ma a shirye suke: madugu, jagaba, uban dawaki, malamin ayari, da fatake masu dukiya da yaransu. Kowane zango babi ne, kuma babu wanda zai iya cewa ya yi fushi ya koma gida shi kaɗai daga tsakiyar daji. Amfani na biyu shi ne, wanda ya ɗauki malamin ayari ko mai sayen goro dole ya je ya bincika yadda ake lissafi da wuri da yadda ake adana goro a ganye, ta haka bincike ke shiga jikin mutum ba tare da an ba shi aikin gida ba.

A bar gurabe da gangan. Idan ɗan wasa ya tambayi sunan zangon gaba ko halin sarkin garin, jagora ya mayar masa da tambayar ya ce shi ya faɗa.

Mataki na 5: Takardar tauraro

Kowane ɗan wasa ya cike gajeriyar takarda, a Google Docs ko a saƙo ɗaya da za a liƙa. Ta ƙunshi suna da shekaru da sana'a, abin da tauraron ke nema a wannan tafiya, abin da yake tsoro, abu biyu da ya ƙware a kai, aibi guda na gaske, da alaƙarsa da aƙalla taurari biyu na zauren. Wannan ta ƙarshe ita ce gishirin takardar. Misali, idan tauraro mai suna Tanimu yana bin tauraruwa Hajara bashin wuri dubu goma, ita kuma ta san wani sirrinsa, to ranar farko ma akwai abin rubutawa.

Hattara: kuskuren da ya fi yawa shi ne tauraron da ba shi da aibi, kyakkyawa, jarumi, mai dukiya, masani, wanda ba a taɓa kayar da shi ba. Irin wannan ba ya bukatar kowa, don haka babu wanda zai iya wasa da shi. Jagora ya mayar da takardar cikin ladabi ya nemi a gyara. Kuskure na biyu shi ne mutum ya rubuta kansa da wani suna. Wanda ya yi haka zai ji zafin duk abin da aka yi wa tauraron, kuma ya rasa babbar ribar wasan, wato shiga rigar wani. Saurayi mai saurin fushi ya gwada dattijo mai sanyin hali. Mai kunya ta gwada 'yar kasuwa mai kaifin baki. Bayan an shafe wata ana neman dalilin da zai sa wani mai hali daban ya aikata abin da ya aikata, hukunta mutane da gaggawa yana raguwa ko a wajen zaure.

Mataki na 6: Raba ɗakuna

A buɗe ɗakuna huɗu: na labari, na hira, na takardun taurari da dokoki, da na taƙaitawa. A ɗakin labari tauraro ne kaɗai ke magana. Gaisuwa, tambaya, ba da uzuri da ƙorafi duk ɗakin hira za su tafi. Masu WhatsApp sai su buɗe zaure biyu. A Discord akwai manhajar taimako mai suna Tupperbox, wadda ke sa saƙo ya fito da suna da hoton tauraro maimakon na mai wayar, kuma hakan yana taimaka wa ido ya bambance mutum da tauraronsa.

Mataki na 7: Rubuta zagayen farko

Jagora shi ke buɗewa, ya zayyana wuri, ya jefo matsala, ya tsaya. Misali:

"Ayari ya iso bakin Kwara da la'asar sakaliya. Ruwa ya cika ya tumbatsa, kuma sarkin fito ya ce kuɗin bana ninki biyu ne na bara. Hadari yana haɗowa daga gabas, jakuna sun fara kuka. Me za ku yi?"

Daga nan kowa ya amsa bisa jerin da aka tsara. Kyakkyawar amsa tana da sassa uku: ta nuna an ji abin da ya gabata, ta ƙara sabon abu, ta bar wa na gaba abin kamawa. Ga rubutun da ya karya doka:

"Tanimu ya daka wa sarkin fito tsawa, sarkin fito ya tsorata ya rage kuɗin. Hajara ta ji kunya ta ba Tanimu haƙuri, kowa ya shiga jirgi."

Wannan ɗan wasa ya yanke hukuncin abin da sarkin fito ya ji, ya sa wa Hajara magana a baki alhali tana da mai ita, sannan ya rufe fagen gaba ɗaya. Ga yadda ya kamata:

"Tanimu ya kalli hadarin, ya kalli buhunan kanwarsa da ruwa zai narkar. Ya matsa kusa da sarkin fito ya rage murya. 'Ranka ya daɗe, bara da hannuna na ba ka turmin zane, ko ka manta?' Yana magana yana satar kallon Hajara, domin ya san jakar wurin da ta rage a ayarin tana ƙarƙashin kayanta."

A nan Tanimu ya yi yunƙuri ne kawai, bai faɗi sakamako ba. Jagora yana da abin amsawa a madadin sarkin fito, mai Hajara kuma dole ta zaɓa ko ta fito da kuɗin ko ta yi kamar ba ta gani ba. Dokar ke nan da ta fi kowace muhimmanci: kana da iko a kan tauraronka kaɗai, abin da ya yi da abin da ya faɗa da abin da ya ji a ransa. Duk wata fasaha ta aiki tare da ake dangantawa da wannan wasa daga wannan doka take fitowa, domin tana hana mutum samun abin da yake so sai ta hanyar shawo kan wani.

Hattara: kada tauraro ya yi aiki da abin da mai shi ya karanta amma shi tauraron bai gani ba. Idan an rubuta cewa wani ya ɓoye wasiƙa cikin dare kowa na barci, tauraronka bai san da ita ba, ko da kai ka karanta.

Mataki na 8: Yanke sakamako idan an yi jayayya

Wani lokaci yunƙuri yana iya yin nasara ko ya faɗi, kuma idan jagora ne kullum ke yankewa za a fara zarginsa da son kai. Hanya mai sauƙi ita ce ta wani wasan kwaikwayon tebur mai suna Apocalypse World na 2010: a jefa ɗan lido biyu masu fuska shida a haɗa adadinsu, a ƙara ɗaya idan abin yana cikin ƙwarewar tauraron. Daga 10 zuwa sama nasara ce cikakkiya. Daga 7 zuwa 9 nasara ce mai tsada, wato an samu amma an rasa wani abu. Daga 6 zuwa ƙasa kuwa al'amari ya ƙara dagulewa. Idan ba a ƙara komai ba, cikakkiyar nasara tana zuwa sau 6 ne cikin 36, sauran biyun kuma sau 15 kowanne, don haka yawancin lokaci labarin zai riƙa karkata ta inda ba a zata ba. A Telegram, tura alamar ɗan lido ita kaɗai yana fitar da lamba daga 1 zuwa 6 a gaban kowa. A Discord manhajar Avrae tana yin jifan.

Ba a sa kuɗi ko wani abu a kan jifan, amma idan akwai wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba, a bar shi. Ana iya ba kowane ɗan wasa tikiti uku a kowane babi, wanda ya kashe ɗaya ya yi nasara, wanda ya ƙi kashewa ya karɓi abin da jagora ya yanke.

Idan Tanimu ya samu 8, sarkin fito ya rage kuɗi amma ya ce sai gobe da safe, kanwa kuma za ta kwana a ruwan sama. Ɗan wasan da ya saba rubuta faɗuwar tauraronsa da kyau, maimakon ya yi gardama, ya koyi abin da ke da wuyar koyarwa a aji.

Mataki na 9: Idan rai ya ɓaci

Zai ɓaci, ko ba daɗe ko ba jima. Alamominsa su ne tauraro ya fara zagin wani tauraro fiye da yadda labari ya nema, ko mutum biyu su mamaye fage suna amsa wa juna su kaɗai, ko wani ya yi shiru kwanaki. Jagora ya dakatar da ɗakin labari, ya tuntuɓi kowanne a keɓe kafin ya kawo maganar gaban jama'a. A yi magana a kan rubutun, a ce "layin nan ya yanke wa tauraruwata hukunci", kada a ce "kai kullum haka kake". Gyara rubutu ko goge shi ba abin kunya ba ne, kuma ya kamata jagora ya fara nuna hakan a kan nasa.

Hattara: kada a rama a cikin labari. Kashe tauraron wanda ya ɓata maka rai ba ya warware komai, sai dai ya koya wa sauran cewa labarin makami ne. Haka kuma soyayyar taurari biyu ba izini ba ce na bin mai tauraruwar da saƙonni a keɓe. Wanda ya yi haka bayan an gargaɗe shi, a cire shi.

Mataki na 10: Bita da karɓa-karɓa

A ƙarshen kowane babi, wato bayan mako biyu ko uku, a yi abu uku. Mutum ɗaya ya taƙaita babin cikin kalmomin da ba su wuce 200 ba ya saka a ɗakin taƙaitawa, kuma aikin ya riƙa zagayawa, domin matse dogon zance ya zama gajere fasaha ce da ake nema a ofis da makaranta. Sannan kowa ya faɗi abu ɗaya da ya burge shi a rubutun wani, yana kawo ainihin layin, da abu ɗaya da yake fatan gani a babi na gaba. Yabo na "ya yi kyau" ba ya gina kowa. A ce "yadda ka sa madugu ya yi shiru maimakon ya amsa ya fi tsawa tasiri". Na uku, kowa ya zaɓi abu guda da zai gwada a babi mai zuwa, kamar rage maimaita kalma, ko rubuta zance ba tare da bayyana abin da ke zuciya ba, ko jawo tauraron da aka manta da shi cikin fage.

Bayan babi uku ko huɗu, jagora ya miƙa ragamar zango ɗaya ga wani. Wanda ya riƙe ta zai gane nauyin raba dama daidai, da tuna alkawuran da labari ya ɗauka, da tunatar da mai jinkiri ba tare da an ɓata ba. Tsohon jagora ya zauna kusa yana ba da shawara a keɓe, kada ya gyara sabon a gaban mutane.

A sa wa labarin iyaka tun farko, misali isar ayari Salaga, ko komowarsa Kano. Idan an kai, a kwashe rubutun duka a zuba a fayil ɗaya, a gyara kurakuran rubutu, a raba wa kowa kwafi. Idan akwai niyyar sakin labarin a dandalin labarai na Wattpad ko a wani zauren karatu, a nemi amincewar duk wanda ya sa hannu a rubuce, a kuma daidaita yadda za a jera sunaye kafin a saki shafin farko.